Dabbobin Baba da Tafiyar Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa daga ƙanwarka, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Maman 'yan biyu da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, Ya sa albarka a cikin nemanka, Ya raya mana zuri'a. Yaya aiki, yaya gajiya, yaya kuma zaman nesa da gida? Mun ji labarin tarin da ya dami 'yan biyu kwanakin baya, ina fata yanzu ya rabu da su. Inna ta ce a tambaye ka ko har yanzu kana fita aiki ba ka karya ba, don ta san halinka tun kana ɗan makaranta.

Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Jikin Baba da sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da yadda ka bar shi lokacin da ka zo dubiya. Hannun dama ne har yanzu bai dawo ba, yana nan kamar na aro, amma ƙafar ta fara ɗaukarsa. Yana dafa bango ya fito tsakar gida da kansa, ya zauna a kujerar da Baban yara ya haɗa masa, mai abin dafawa gefe da gefe. Maganarsa ma ta soma warwarewa. Idan ka yi haƙuri ka saurara za ka gane duk abin da yake nufi, idan kuwa faɗa ne, to wannan fes yake fita, ba ya neman tafinta. Inna na nan da ciwon bayanta, yau ya lafa gobe ya tashi, kuma ka san ba wanda ya isa ya ce ta zauna. Yarana lafiyarsu ƙalau, babbar ta shiga aji na gaba, ƙaramin kuwa ya fara tafiya, ya hana kajin Inna sakat. Baban yara yana gaishe ka. Aikin kafinta ya ɗan yi sanyi bana tunda mutane ba su samu amfanin gona yadda aka saba ba, amma alhamdulillahi tukunyarmu ba ta kwana a kife ba.

Yaya, na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Dalilin shi ne, duk sanda ka kira muka shiga maganar dabbobin gidan nan sai in ji bakina ya yi nauyi. Tun muna yara ban iya ja da kai ba, kai ma ka sani. Kana faɗin abu sai in ce to, sai bayan ka kashe wayar maganganu su cika mini ciki, in rasa wanda zan juye wa sai Baban yara. Shi ne da ya gaji ya ce in zauna in rubuta, tunda takarda ba ta katse mutum, ba ta kuma cewa kati ya ƙare. Shawarar da ka kawo ita ce a sayar da dabbobin duka, shanun huɗa da saniyar da awaki da tumaki, a sayi injin ban-ruwa da takin zamani, Auta ya mai da hankali kan noma kaɗai, Inna ta huta da sharar garke da ɗaukar ruwa. Ban taɓa ganin laifinka a wannan ba. Tausayi ne ya sa ka kawo ta, don ka zo ka ga Baba kwance, ka ga Inna tana duƙe da kwando, ka ga ƙaninka ya rame. Ni kaina da farko na karkata wajenka. Sai muka ce a bari a ga ƙarshen damina. To daminar ta zo ta wuce, kuma ina so ka ji yadda ta kasance daga bakin wadda ta gani da idonta.

Ka tuna gonakinmu biyu ne, ta bayan gida da kuma ta nesa wadda ke kusa da tsohuwar rijiya. Da Baba ya kwanta a farkon ruwa, takin garken da aka tara bai samu mai kwashewa yadda ya kamata ba. Auta shi kaɗai ne, ga jinya, ga asibiti. Abin da ya iya ɗauka da amalanke ya zuba a ta bayan gida, ya shuka dawa da gero, ya sa wake da gyaɗa a tsakani kamar yadda Baba ke yi. Ta nesa kuwa ya ce bari ya gwada abin da ake ta faɗa, ya cika ta da masara zalla, ya ba ta takin zamani da taimakon da ka aiko. Wallahi Yaya da ka ga masarar nan a tsakiyar damina da ka yi murna. Kore shar, ta fi mutum tsawo, masu wucewa suna tsayawa suna sa albarka. Auta har tafiyarsa ta canja. Inna tana tsokanarsa wai bana sai an faɗaɗa ƙofar gida kafin kansa ya shiga.

Sai ruwa ya ɗauke daidai lokacin da masarar ta fara goyo. Kullum hadari ya haɗu da yamma, a kwashe shanya, a rufe kaji, sai iska ta zo ta watsa shi. Haka aka yi makonni. Wata safiya na bi Auta muka zaga gonakin biyu. A ta nesa ganyen masara ya murɗe kamar igiya, na sa hannu a ƙasa na tona, gari ne kawai mai zafi har inda yatsuna suka kai. A ta bayan gida dawar ta yi yaushi ita ma, ba zan ɓoye maka ba, amma da na tona ƙarƙashin waken sai na ji sanyi, ƙasar baƙa, tana haɗuwa idan ka dunƙule ta. Shekara da shekaru Baba yana zuba mata taki, ashe abin yana nan a ajiye a cikinta. Da ruwan ya dawo daga baya, ta bayan gida ta farfaɗo ta ba mu abin da ta ba mu, bai kai na bara ba amma rumbu bai zauna fanko ba. Ta nesa kuwa ruwan ya same ta ta riga ta tafi. Goyon ya fito ƙanana, idan ka ɓare sai ka ga ƙwaya nan da can kamar haƙoran ƙaramin yarona.

Ranar da Auta ya tabbatar masarar ba za ta yi ba, ya dawo gida ya jefar da fartanya, ya ce shi ba zai sake taka gonar ba, a bar ta ta bushe a cinna mata wuta. Baba yana zaune a kujerarsa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fita, ya ce a yanke ta tun da sauran kore a jikinta, a shanya a inuwa, a ɗora a kan rumfa. Ya ce abin da ya ƙi zuwa bakinmu kai tsaye zai zo ta bakin shanu. Auta bai so ba amma ya yi, Baban yara ya rufe shago ya taya shi. Likitan dabbobi da ya zo zagaye ya ƙara mana da cewa a riƙa ba su kaɗan-kaɗan ana gaurayawa da harawa, don karan da fari ya taɓa yakan ɓata musu ciki idan suka cika shi. Haka aka yi. Masarar da muka yi kuka a kanta ita shanun suka ci suka yi kyau, saniyar ta ƙara nono. Da nonon nan ake lallaɓa Baba lokacin da haɗiya ke yi masa wuya, da shi aka yaye yarona, kuma Inna kan samu na sayarwa ta yi cefane ba tare da an taɓa rumbu ba.

Ban san ko labarin Dogo maƙwabcinmu ya iso maka ba. Damina biyu da suka wuce ya yi irin abin da muke shawara, ya sayar da dabbobinsa kaf ya zuba a noman masara. Shekarar farko Allah Ya ba shi, ya yi rufin kwano, ya sayi babur, kowa ya ce Dogo ya gano hanya. Ba sakarci ya yi ba, mutum ne mai ƙwazo, ya fi Auta sammako. Bana farin da ya same mu ya same shi, sai dai shi babu abin da zai waiwaya ya kama. Karansa ya bushe a tsaye don ba bakin da zai ci. Babur ya tafi, sannan irin da suka ajiye na baɗi suka ci, yanzu ya bar gari neman aikin ƙarfi, ana raɗe-raɗin zai jinginar da rabin gonar. Matarsa ƙawata ce, ka santa, tare muka yi makaranta. Takan shigo wurin Inna da sunan gaisuwa, ta zauna tana hira tana dariya, ba za ta taɓa buɗe baki ta ce babu ba. Inna ce ke faɗa mata wai nono ya yi mana yawa zai lalace, ta taimaka ta rage mana. Duk ranar da na ga ta fita da ƙwaryar a ƙarƙashin mayafi sai in tuna cewa tsakaninmu da ita ba wayo ba ne, ba kuma ƙoƙari ba. Garken da ke bayan ɗakin Inna ne kawai.

Amma kada ka ɗauka na rubuto ne in yi wa dabbobi kirari. Sun ba mu wahala bana, wahala ta gaske. Wata cuta ta shigo gari, mai sa awaki majina da gudawa, kafin a zo rigakafi ta kwashe mana da dama, har da jar akuyar da Inna ke ji da ita. Na ga Inna tana haƙa rami da wannan bayan nata, tana share hawaye da gefen zane, tana cewa hayaƙi ne ya shiga idonta alhali ko wuta ba a hura ba. Wata rana kuma tumaki suka tsinke igiya suka faɗa gonar wani, sai da aka sa manya suka shiga tsakani. Sannan da likitan asibiti ya ce a komar da Baba a kwantar da shi a yi masa gashin ƙafa da hannu, ba mu so mu sake ɗora maka nauyi ba bayan wanda ka riga ka ɗauka, sai muka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa, farin nan mai karyayyen ƙaho. Auta ne ya ja shi kasuwa. Mun ɓoye wa Baba har ya dawo gida, amma yana shigowa ya dubi turke ya gane. Ya juya fuskarsa bango, ranar ko abinci bai taɓa ba. Washegari ya kira ni ya ce kada mu damu, dama don irin wannan rana ake kiwonsa, gara a ja sa kasuwa da a ja gona. Sai ya tambaya ko wanda ya saya mutumin kirki ne. Na ce masa eh, ko da yake Allah Ya sani ban ma ga fuskarsa ba.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wanda shi ne ainihin dalilin takardar nan. Bayan an gama girbi na shiga gida da la'asar, na tarar da Auta a garke zaune kan kifaffen baho, ga harawa a hannunsa amma bai zuba ba, awaki na ta kuka suna jan igiya shi kuwa kamar ba ya ji. Na zauna kusa da shi na ce lafiya. Sai ya ce mini shi ne ya kira ka ya roƙe ka ka kawo maganar sayar da dabbobin, don ya san idan daga bakinka ta fito za a saurara. Ya ce ba wai ya tsane su ba ne, kuma bana ya ga amfaninsu da idonsa, ba ya musu. Amma tun da ya yi wayo bai taɓa farkawa da safe don kansa ba, kukan akuya ne ke tashinsa. Gona tana sakin mutum da rani, dabba kuwa ba ta san rani ba, ba ta san damina ba, ba ta san kana zazzaɓi ba. Ya ce abokansa sun tafi sun koyo sana'a sun dawo, shi ko kwana ɗaya bai taɓa yi a wani gari ba tun da Baba ya kwanta. Ka san yadda hannunsa yake da inji. Injin Mai Niƙa idan ya tsaya shi ake kira, ya kwance shi ya mayar ba wanda ya koya masa. Ya ce yana so ya koyi gyaran inji sosai a wurin masu shi, ko da na ɗan lokaci ne, kafin ya wayi gari ya ga furfura a kansa yana nan riƙe da igiya. Yana faɗa yana kallon ƙasa kamar wanda aka kama da sata.

Yaya, ka rufa masa asiri ba ka gaya mini ba, kuma ban ji haushi ba, haka babban wa yake yi. Ni ce ma na ji kunya. Wata da watanni ina lissafa alherin garken nan, nono da taki da abin sayarwa ranar ciwo, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ƙafar wa ke ɗauke da shi ba. Gona tana ciyar da dabba, dabba tana ciyar da gona, su biyun suna ciyar da mu, wannan gaskiya ne, na gani. Amma akwai mai kwashe takin, akwai mai yanko ciyawar, akwai mai jan ruwa a rijiya safe da yamma. Da can mutum huɗu ne ko biyar ke wannan aiki. Kai ka tafi, ni na yi aure, Baba ya kwanta, bayan Inna ya ƙi, sai komai ya gangaro kan mutum ɗaya, mu kuma muna yaba wa gidan da cewa bai girgiza ba. Na kwana biyu ina juya abin. Idan aka sayar da dabbobin, mun zama kamar gidan Dogo, fari ɗaya ya ishe mu. Idan aka bar su yadda suke, wata rana Auta zai fita bai yi sallama ba, ko kuma ya zauna zuciyarsa ta mutu, ban san wanne ya fi muni ba.

Ga abin da muka tsara ni da Baban yara da Inna, kuma mun riga mun fara. Awakin da suka rage an raba su. Wasu sun dawo gidana, Baban yara ya kafa musu rumfa da ragowar katako, har yana cewa ya auri mace ashe da garke ta zo. Wasu an ba matar Dogo ta riƙe, idan sun haihu a raba 'ya'yan da ita. Da Inna ta gaya mata, sai ta ce za ta je ta duba tukunya ta dawo, muka ji ta tana kuka a bayan katanga. Tsofaffin tumakin za a sayar, a bar masu ƙarfi kaɗan waɗanda Inna za ta iya da su ba tare da duƙawa da yawa ba. Bijimin da ya rage ba zai ja garma shi kaɗai ba, shi ma Mai Niƙa ɗaya gare shi, sai muka yi magana ya koma turkensa su saba da juna, idan ruwa ya sauka a haɗa su a karkiya ɗaya a yi huɗar gonakinmu da nasa. Ga dusa a wurinsa ba ta yankewa. A cikin shanu saniyar kaɗai za ta zauna a gida, Baban yara zai riƙa biyawa da safe kafin ya buɗe shago ya ba ta ruwa da abinci, ni in zo in yi tatsa. Sharaɗi ɗaya muka kafa wa kowa, takin duk inda dabbar take na gonar Baba ne, a tara shi, kafin damina a kwashe da amalanke. Bana har ta nesa za ta samu rabonta, ko da kaɗan ne, kuma ba za a sake cika ta da abu ɗaya ba. Batun injin ban-ruwa ban binne shi ba. Ina ganin yana da kyau, musamman ga gefen rijiyar, amma a kai gare shi a hankali, daga abin da dabbobin suka haifa, ba da su kansu ba.

Abin da ya rage shi ne gaya wa Baba, kuma kowa ya noƙe, sai aka tura ni. Na same shi da hantsi a kujerarsa yana kallon saniyar tana tuƙa. Na fara da zagaye-zagaye, ina maganar tsadar ciyawa da ciwon bayan Inna, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa masa duka, har da maganar da Auta ya yi a garke, don Autan ya ba ni izini. Na zaci zai yi faɗa. Amma bai yi ba. Sai ya ce a kira masa Auta. Da ya zo ya durƙusa, Baba ya ɗora masa hannu a ka, ya ce shi ma yana saurayi ya so ya bi wani mai gyaran mota, mahaifinsa ya hana, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna. Ya ce bai yi nadamar zamansa ba, dabbobin nan da gonar nan su suka yi mana makaranta da aure da komai, amma ya san yadda abin yake ci a rai. Ya ce Auta ya tafi ya koyo, Allah Ya yi masa albarka. Inna tana bakin murhu ta juyo ta ce lallai, shekara da shekaru tana zaune da makanike ba ta sani ba, shi ya sa ko ƙofar ɗaki ta lalace sai an kira suruki. Baba ya yi dariya har ya ƙware, mu ma muka yi, Auta yana yi yana goge ido.

Don haka roƙona gare ka biyu ne, Yaya. Na farko, ka janye maganar sayarwa da bakinka, ka kira Baba ka gaya masa, don har yanzu yana ganin kamar ya saɓa wa babban ɗansa, kuma abin yana damunsa fiye da yadda yake nunawa. Na biyu, ka karɓi Auta. Da zarar ya gama ɗaure harawa ya ɗora a rumfa zai taso, ka nema masa wurin mai gyaran inji mai amana, wanda zai koya masa ba wanda zai mai da shi ɗan aike ba. Ya ce zai dawo kafin ruwan fari, kuma na yarda da niyyarsa, amma ni ba yarinya ba ce, na san gari yana riƙe mutum. Idan ya dawo, ya dawo da sana'a a hannu, gidan ya samu ƙafa ta uku bayan gona da garke. Idan bai dawo da wuri ba, mun yi magana da Baban yara, za a nemi Dogo ya noma ta nesa a raba, wataƙila hakan ya hana shi jinginar da tasa. Ban ce tsarin nan ba zai yi tangarɗa ba. Dabba a hannun mutane da yawa sai an yi haƙuri da juna, kuma ni kaina ban san yadda zan haɗa tatsa da yara da girki ba. Amma na gwammace mu raba wahalar mu duka da a ce mutum ɗaya ya ɗauke ta a ɓoye.

Ka gaishe mini da Maman 'yan biyu da kyau, ka ce mata ta shirya, baƙon da ke zuwa ba ya wasa da kwano, kada ta ga ramarsa ta yaudaru. Ka shafa mini kan 'yan biyu da ƙanwarsu, Inna ta ce a gaya wa mazajen nata idan ba su zo hutu ba za ta sake su ta auri wasu. Gwaggo tana gaishe ku, Kawu ma haka, ya ce ka yi masa alkawarin tabarau bai gani ba. Baban yara da yara suna miƙa gaisuwa, Mai Niƙa ya ce a gaya maka yana bin ka gyaran inji tunda za ka ɗauke masa makanike. Na karanta wa Auta takardar nan kafin in rufe, bai ce a cire komai ba sai maganar kwano, ita ma na ƙi.

Baba ya sa na karanta masa shi ma. Ya ce yana sa maka albarka, kai da iyalinka. Sannan ya ce in ƙara maka magana ɗaya, ya maimaita ta don kada in manta: idan yaron ya iso, ka ba shi wurin kwana ka ba shi abinci, amma kada ka tambaye shi yaushe zai koma. Ya ce ka bar shi ya faɗa da kansa.

Allah Ya sada mu da alheri, Ya bar zumunci.

Taka har kullum,
Ƙanwarka